Keke a Dangwalin Surukina

Keken ya iso gidanmu a Gwandu a bayan jaki, ƙafafunsa biyu a sama. Kawuna ne ya zo da shi daga fataucin kudu, wajen alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai, lokacin mota ba ta san hanyoyinmu ba. Ya saye shi ne don ya ga wani akawu yana tafiya a kai kamar ba ya taɓa ƙasa. Da ya gwada ya kuje gwiwa, sai ya ce wannan kayan 'yan boko ne, a kira masa ɗan ƙanwarsa. Ni ne ɗan ƙanwar. Na yi elementare a Birnin Kebbi, na dawo gida ina noma ina taya mahaifina saƙa, kuma tun daga nan duk abin da ya fito daga hannun Nasara, ko kwalba ce mai murfi, ni ake miƙo wa. Ba a koya mana keke a makaranta ba. Na so in faɗi haka, sai na ga zai zama kamar na raina kyauta, na yi godiya na karɓa.

Na koyi tuƙi bayan faɗuwa mai yawa. Abu ɗaya ne ya gagare ni har na tsufa, wato hawa. Keken dogo ne, ni kuwa ba dogo ba. Wannan hawan da samari suka iya daga baya, a tura a ɗaga ƙafa a haye, ban taɓa yarda da shi ba, don kullum ina ganin riga za ta shiga sarƙa. Sai na samu abin takawa nake hawa: turmi, ko kututture, ko suri, ko bakin rijiya.

To ga inda wahalar take. A garinmu yaro ba ya wuce babba yana bisa abin hawa. Ko jaki kake kai sai ka sauko, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, a gaisa har a tambayi gida da gona da gajiya, ka jira babban ya ba da baya, sannan ka koma. Na je na tambayi malamin unguwarmu ko keke yana da wani hukunci na dabam, tun da ba shi da rai. Ya leƙa shi sama da ƙasa ya ce, "Yadda ake yi da jaki, haka za ka yi da wanga."

Mai jaki in ya sauko, tsalle ɗaya ya koma. Ni in na sauko sai in tura keke har inda Allah ya ajiye mini turmi. Sau da yawa ina samun turmin, ina ɗora ƙafa, sai ga wani dattijon ya ɓullo daga lungu. Gwandu kuwa gari ne na malamai da tsofaffi, kowace inuwa da mai ita. Daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwa, yaran da ke bina suna kallo sukan gaji su wuce gaba su jira ni.

Na gwada dabaru. Na rataye takalmin a kan keken ina tuƙi ba takalmi, don in rage aiki. Daga baya zuciyata ta ce mini ai girmamawar tana cikin tuɓewar ne, wanda ya zo a tuɓe bai tuɓe wa kowa ba. Sai na koma sawa. Akwai kuma matsalar gane wane ne babba daga nesa, musamman in ya kifa malfa. Na yanke wa kaina cewa duk gemun da na hangi fari a cikinsa, sauka. Da haka wata rana na durƙusa wa ƙanen abokina, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, ashe daga wurin gurzar auduga ya fito, ita ce ta manne masa a haɓa. Bai hana ni ba. Ya tsaya ya amsa gaisuwar har ƙarshe, har da sa mini albarka.

Wannan ya sa na zama mutumin da ya fi kowa sanin wuraren da babu dattawa a ƙasar Gwandu. In da wani zai tambaye ni inda keke ya fi daɗi a lokacin, da na fara da wani fako da ke bayan Masama. Ƙasa ce ja, shimfiɗaɗɗiya, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Ciyawa ba ta fitowa, don haka ba mai noma ba mai kiwo, ba kuma inuwar da tsoho zai zauna. A gefensa akwai suri daidai tsawon da nake so. Nan nakan yi ta zagaye ni kaɗai, iska na shiga hannun rigata, har in fara jin kunyar irin daɗin da nake ji.

Akwai burtalin da ya nufi Dodoru, hanyar shanu ce tsakanin gonaki, an kange ta da aguwa hagu da dama. Da hantsi, bayan shanu sun fita, ba kowa. Sai dai in damina ta wuce sawun kofato ya bushe, haƙoranka za su yi ta haɗuwa da juna, kuma tsidau yana nan yana jiran taya. Kullum ina tafe da faci da gam da famfo a aljihu, ina tsayawa ina latsa tayar ko da ba abin da ya same ta. Tuddan marmara da ke kewaye da gari kuwa, hawansu da turi ne, amma daga sama kana ganin gonaki har inda ido ya ƙare, da kukoki tsaye ɗai-ɗai, da shanu farare kamar an watsa auduga. Saukowa ce ban so. Yashi shi ne babban maƙiyi, yakan kama tayar gaba kamar wani ya riƙe maka riga ta baya. A ƙasar Kalgo kuma, in ruwa ya janye da rani, masunta da masu jakai sukan tattake wata siririyar hanya sumul a bakin fadama, baƙa ƙirin, ba ƙaya ba dutse. Ban taɓa hawa wurin da ya kai ta laushi ba.

Abin da ya kai ni ƙasar Kalgo aure ne. Matata 'yar wani gida ce kusa da Dangoma, mutanen kiwo ne da suka zauna suna noma. Daga Gwandu tafiyar kwana biyu ce a ƙasa. Da keke mutum zai iya yinta a wuni guda. Ni da keken ma kwana biyu nake yi, saboda gaisuwa.

Surukina dogon mutum ne marar yawan magana. Na ce dogo ne don haka aka gaya mini, kuma inuwarsa ta nuna. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa sosai ba. Ƙafafunsa na sani, da gindin sandarsa, da bakin rigarsa. Tsakanin mutum da surukinsa a wajenmu gaisuwa ce kawai, ido a ƙasa. Ba hira, ba musu, ba bayani. In akwai magana, ta bakin wani take bi. A gidan nan ta bakin mahaifiyarsa take bi, kakar matata, wata 'yar tsohuwa da goro ba ya barin kuncinta. Ita kam tsakaninmu wasa ne irin na kaka da mijin jika. Angona take ce mini, kuma ba ta taɓa ganina ta bar ni na tafi da mutuncina cikakke ba.

Da cikin fari ya tsufa, matata ta koma gidansu haihuwa kamar yadda ake yi. Ta sauka lafiya wajen ƙarshen damina, namiji. Aka yi suna, na ɓuya kamar yadda ya kamata uban ɗan fari ya yi. Da arba'in ta matso, sai na shirya in je in gaida su, in ji ranar da za a maido mini iyalina. Surukina ne kaɗai ke da ikon sa wannan rana.

Kafin in tashi na duba keken na ga ɗan tsatsa a gindin sirdi. Na ce ba zan shiga gidan surukai da tsatsa ba. Na samo man kaɗe na shafe wurin. Sai na ga wurin da na shafa ya fi sauran ƙyalli, kamar na yi son kai. Na shafe sauran. Na bi sarƙa, na bi feda, na bi bakin ƙarfen taya, har 'yan robobin birki ban bari ba. A kan hanya duk inda na kwana ko na huta sai in ƙara. Hanyar shimfiɗe take, ga yashi, ga sauka gaisuwa, ban nemi birki da gaske ba ko sau ɗaya.

Kusa da Dangoma nakan bar babbar hanya in bi wani burtali don in kauce wa dattawan bakin kasuwa. Burtalin yakan hau tudu, sannan ya gangara dogon gangare zuwa fadama, gidan surukaina yana can ɗaya gefen. Ranar nan na hau tudun, na samu kututturen da na saba takawa, na leƙa ban ga kowa ba, na sake keke.

Na kai tsakiyar gangaren sai ga mutum ya fito daga bayan sabara yana hawowa, malfa a ka, sanda a kafaɗa. Ban ga fuska ba, amma na san ƙafafun.

Na matse birki. Keken ya yi wani ɗan kuka mai daɗi ya ƙara gudu. Na sake matsewa da hannu biyu. A cikin wannan ɗan lokaci na yi tunani da yawa. Na ce in sauka ba ta samu ba, ko tuɓe takalmi in yi. Na ɗaga ƙafa ɗaya na kakkaɓe, takalmin ya tashi sama ya nufi wajensa. Keken ya karkace, na kai hannu in tare, babban yatsana ya faɗa kan ƙararrawa. Haka na wuce surukina: a bisa, da gudu, ina kaɗa masa ƙararrawa kamar akuya ce ta tare hanya, ina cewa da ƙarfi, "Barka da rana, Baba." Ƙarshen gaisuwar a fadama na yi shi, cikin laka.

Da na fito na turo keken sama, ba ya nan. Takalmina yana kan wani faffaɗan dutse a bakin hanya, an kakkaɓe shi an ajiye daidai. A can gefe kuma ga wasu mata masu tallan nono sun sauke ƙoransu, sun rufe baki da gyale, kafaɗunsu na rawa.

Kafin in wanke jikina in isa gidan, labari ya riga ni. Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale.

Ta ce, "Angona, sannu da sauka. Ko ba ka sauka ba tukuna?"

Na durƙusa na ce, "Kaka, birki ne ya ƙi."

"Wane ne shi kuma? Tare kunka zo?"

Na yi mata bayani tun daga tsatsar har zuwa man kaɗe. Na roƙe ta ta kai wa Baba maganar yadda take.

Ta ce, "Ni in tahi in ce ma ɗana mai ya yi yawa? Sai shi ce maganar miya nike. Mata sun ce ka jehe shi da takalmi, ka kaɗa mai ƙararrawa. Ni dai tun da anka haihe ni ban ga angon da yay yi haka ba. Ashe ni kaɗai ka raga ma."

Ta tashi ta tafi wajensa duk da haka. Na zauna a rana, don na ga ban cancanci inuwa ba. Ta daɗe. Da ta dawo sai ta zauna ta gyara goronta tukuna.

"Ya ce laihin ba naka ba ne, na dabbarka ne. Ba a hore ta ba. A bar ta nan, a ɗaure ta cikin maruƙa har ta yi hankali. Kai ka koma gida, ka dawo in wata ya tsaya."

Na ce, "Su kuma fa, Kaka?"

"Bai ambaci rana ba."

Ina kallo aka ja keken zuwa dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, aka zarga masa igiya a wuya tsakanin wani ɗan maraƙi ja da wani fari. Jan ya fara lasar man kaɗen.

Matata na gaisa da ita ta bayan asabari. Ina jin motsin yaron, ban tambaya ba, don ba a tambayar ɗan fari a gaban mutane. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, wai da gaske har da ƙararrawa?"

Na ce da gaske ne. Na ji tana kokawa da dariya.

Ta ce, "Da sai in ce kada ka damu. Amma na san sai ka tahi kana tunanin abin da ya sa na ce haka."

Na koma Gwandu a ƙasa. Ban yi latti fiye da yadda na saba ba, abin da ya ƙara ɓata mini rai ke nan.

Kwanakin jiran wata ban ji daɗinsu ba. Ɗakin matata a rufe, tukwanenta a kife. Na san gidajen da aka riƙe 'ya a gida wata da watanni saboda abin da bai kai wannan ba, har magana ta yi tsami ta kai ga alƙali. Amma abin da ya fi cina shi ne takalmin nan a kan dutse. Me ya sa ya kakkaɓe shi? In fushi yake, ai sai ya bar shi a ƙasa. In ba fushi yake ba, me ya hana shi jira? Na tuna kuma kan takalmin gabas yake kallo, wajen Gwandu. Na ce wannan kora ce a fakaice. Na kai wa mahaifiyata wannan fassara, ta dube ni ta ce, "Takalmi ne da dutse. Tashi ka ci tuwo." Kawuna kuwa da ya ji, dariya ya yi har ya riƙe tsohuwar gwiwarsa, ya ce shi tun farko ya ga abin ba shi da tarbiyya.

Wata na tsayawa na kama hanya. Na iso tudun da hantsi, ranar kasuwar Dangoma, ko'ina shiru, shanu sun fita, mata sun tafi talla. Tun a saman tudun na ga abin da ya tsayar da ni. Sawun taya ne a ƙasa, yana tafiya yana lanƙwasa kamar maciji ya sha da yawa, kuma a gefensa, nan da can, ga sawun babban takalmi ya dafa ƙasa da ƙarfi. A ƙasar nan duka keke ɗaya ne. Sawun takalmin kuma ba sai an gaya mini ba. Wajen kututturena har ƙasa ta tattaku.

Na ce a raina ban ga komai ba. Na ci gaba da gangarawa ina maimaita cewa ban ga komai ba. Na kai daidai faffaɗan dutsen nan sai na ji ƙarar sarƙa daga sama, bayana. Ashe akwai wata 'yar hanya ta bayan sabara da ke hawa tudun daga gidan.

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In ka ga babba, dole ka gaishe shi. In ka ga surukinka a halin da ba zai so a gan shi ba, dole ba ka gan shi ba. Na duba wurin ɓuya, sabarar ba ta kai gwiwa ba a nan. Sai jikina ya yi abin da ya saba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin hanya, na sunkuyar da kai.

Ban kalla ba, amma kunne ba ya rufuwa. Na ji yana jan kan keken baya kamar linzami, yana yi masa irin tsawar da ake yi wa bijimi. Na ji rigarsa na kaɗawa. Ƙafafun da na sani suka wuce ta gabana, ba sa kan feda, a baje suke hagu da dama. Takalmi ɗaya ya faɗo kusa da gwiwata. Daga sama murya ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," tana nisa tana ƙanƙancewa. Sai ƙarar laka.

Na ɗauki takalmin. Na tsaya da shi a hannu ina neman inda zan sa shi. Ƙasa duk ƙaya ce da kashin shanu. Wuri mai tsabta ɗaya ne, dutsen. Na kakkaɓe shi, don ba a ajiye takalmin babba da ƙura, na ɗora. Sai da na ɗora na lura kansa gabas yake kallo, don haka dutsen ya karkata. Na tsaya ina kallonsa, na tuna kwanakin da na ɓata a kan wannan.

Na gangara bakin fadama na sake durƙusawa, ido a ƙasa. Ta gefen ido ina ganin malfa tana yawo a kan ruwa, da tayar baya tana juyawa a hankali. Yana zaune cikin laka har ƙugu.

Na ce, "An tashi lahiya, Baba?"

Ya ce, "Lahiya lau, Malam. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen Gwandu? Ya mahaifinka da jiki?"

"Suna gaishe ku, Baba. Ya shanu?"

"Sun gode Allah."

Muka bi gaisuwar har ƙarshenta, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Wani kwaɗo ya yi tsalle ya bar wurin.

Ya ce, "Shinkahwa naz zo dubawa."

An yanke shinkafar nan tun kafin zuwana na farko, kututturanta kawai suka rage. Na ce, "Ta yi kyau bana, Baba."

"Ta yi."

Can ya yi gyaran murya ya ce, ba da ni ba, kamar da fadamar yake, "Abin ga, da mi ake tsai da shi?"

Ni ma na gaya wa ƙasar da ke gabana. Na ce akwai wasu ƙarafa biyu a ƙarƙashin hannu, in an matse su sai roba ta kama taya. Na ce amma in mai ya taɓa robar, ko ƙato ne ya matse ba ta kamawa.

Shi ma fadamar ya amsa wa.

"Kullum sai na sa an shahe shi da man shanu. Na ga haka kaz zo da shi."

Na ce, "Man kaɗe ne nawa, Baba. Ranar nan."

Iyakar bayanin da na taɓa yi masa ke nan a rayuwata, kuma bai ce ya ji ba.

Saura fitowa. Lakar fadama ba ta sakin mutum da daɗi, ga sandarsa ya baro a gida. Kama hannunsa ban isa ba. Sai na naɗe wando na shiga, na ta da keken, na juya masa baya na riƙe kan da ƙarfi, na tura gindin keken wajensa. Na ji nauyi ya kama ta baya. Na ja a hankali ina kallon wata giginya a can nesa, kamar ban taɓa ganin giginya ba, har muka taka busasshiyar ƙasa. Na ce wa giginyar akwai takalmi a kan dutse. Na ji sawu ya hau gangaren, ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Na zauna a bakin ruwa na wanke keken. Na dirje robobin da bakin tayar da yashi har suka daina santsi. Na wanke malfar na rataye a reshen sabara inda mai ita zai gani. Ban yi sauri ba. Sai da rana ta take tsaka na tura keken zuwa gidan, na maida shi dangwali na ɗaure da kaina, sannan na yi sallama.

Yana zaune a gindin tsamiya cikin farar riga sabuwar wanki. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa, muka gaisa daga farko. Ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Gwandu, ya tambayi jikin mahaifina, na amsa kamar yau ne na fara jin tambayar. Da muka gama ya kira mahaifiyarsa, ya yi mata magana a hankali, ya tashi ya shiga.

Kaka ta zo ta tsaya a kaina.

"Ya ce dabbar ta horu. Ka kwance abinka. Jibi su tahi, ita da yaron, gwaggonta ta raka su."

Na yi godiya har goshina ya kusa taɓa ƙasa.

Ta ce, "Ya kuma ce gangaren can, duk wanda yaw wuce wani a kansa, a bar shi da Allah, wurin ne haka." Ta tauna goro ta dube ni. "Angona, wandonka da laka."

"Ta fadama na biyo, Kaka."

"Uhm. Ga wata riga can na jiƙa a kwatarniya, ita ma ta fadama tab biyo. Kun haɗu?"

Na ce ni giginya kawai na gani. Ta yi dariya har sai da ta cire goron daga baki.

Ranar tafiya aka ɗora matata a jaki da yaron a baya, gwaggonta na biye, ni kuma ina tura keken, an ɗaure masa ƙore da tabarmi da buhun gero har ba a ganin sirdi. Da muka hau gangaren muka zo daidai dutsen, matata ta ce, "Malam, mi yaf faru ne har Baba ya sauko da wuri haka?" Na ce shinkafa ta yi kyau bana. Ta dube ni ta dubi fadamar da babu komai sai kututture, ba ta sake tambaya ba. Ta zauna da ni shekaru masu yawa bayan nan, ban gaya mata ba, ko da yake ina zaton Kaka ta riga ni tun a ranar.

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya jiƙansu. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko ya halatta in rubuta wannan, shi ya sa ban sa sunan kowa ba. A saman tudun dai ranar nan, da muka tsaya gyara kaya, gwaggo ta juya tana ɗaure igiya, matata ta ɗan sassauta goyo. Na duba gabas da yamma ban ga babba ba, sai na leƙa fuskar yaron.